Kwanson Tagulla da Ba a Yarwa: Zamanin da Maharbi Ke Cika Harsashinsa da Hannu

A shekarun 1870, a filayen ciyawa na Kansas da Texas da ke Amurka, aikin maharbin ɓauna ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Idan masu fiɗa sun gama shanya fatu, an ci abinci, sai ya jawo jakar da ya tara kwanson harsasan da ya harba a yinin, ya juye cikin ruwan zafi ya wanke tas. Ya ɗora 'yar tukunyar ƙarfe a kan garwashi, ya jefa dalma a ciki. Idan ta narke sai ya riƙa kamfata da ludayi yana zubawa a mazubi, ƙwaya bayan ƙwaya. Kafin dare ya raba, kowane kwanso da ya fito daga bindiga fanko ya sake zama harsashi, yana jiran gobe.

Wannan 'yar sana'a ta bakin murhu ba ta daɗe a tsakiyar tarihi ba. Daga wajen 1866 zuwa 1890 ne, kimanin rubu'in ƙarni. Amma a cikin wannan ɗan lokaci ta sa hannu a ƙarar da garken dabbobi mafi girma a nahiyar Amurka, ta kuma shiga cikin lissafin tsawon lokacin da sarakunan Afirka irin su Samori Ture da Halifa Abdullahi na Sudan za su iya tsayawa a gaban Turawa.

Abubuwa huɗu a tafin hannu

Kafin wannan zamani, bindiga ta baki ake ɗura ta, kamar yadda mafarautan karkara ke yi da adaka har yau: a zuba albarushi, a cusa ƙwaya, a danna da sanda. Ƙwararren soja kan yi harbi uku a minti ɗaya, kuma galibi a tsaye yake yin ɗurin, jikinsa a fili. Sabon harsashin ya tattara komai wuri guda a cikin kwanson tagulla da ake sakawa ta gindin bututu. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar hanyar dasa 'yar hular da ke tayar da wuta a tsakiyar gindin kwanso: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan, Ba'amurke. Abin dariyar shi ne daga baya Amurka ta rungumi dabarar Baturen Ingila, Turai kuma ta fi karkata ga ta Ba'amurken. Ta Boxer tana da huda guda a tsakiya, ana iya zura tsinke a turo tsohuwar hula waje, shi ya sa ta fi daɗin sake cikawa.

Sunan harsashin da sojan Amurka suka ɗauka a 1873, wato .45-70-405, shi kansa bayani ne ga mai cikawa. Lamba ta farko faɗin ƙwaya ce, kashi 45 cikin 100 na inci. Ta biyu nauyin albarushi ce, giren 70. Ta uku nauyin ƙwayar dalma, giren 405. Giren tsohon ma'aunin Turawa ne da aka samo daga nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya, kuma 7,000 ne ke cika laba. Ke nan labar albarushi ɗaya za ta cika harsashi 100, amma labar dalma ɗaya ƙwaya 17 kacal za ta ba da. Wannan lissafin yana da muhimmanci, za a sake haɗuwa da shi.

Cikin abubuwa huɗun da ke cikin harsashi, biyu ana iya samar da su kusan ko'ina. Baƙin albarushi haɗi ne na gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri da ake tacewa daga ƙasar tsofaffin turaku da kufai, wanda shi ne kashi uku cikin huɗu na haɗin. (A yau an fi jin kalmar alburusai da ma'anar harsasai, amma asalinta daga Larabci take, kuma garin take nufi.) Ba sirrin Turawa ba ne. A Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi, ana kuma zubin igwa a cikin birnin. Dalma kuwa tana narkewa a digiri 327, zafin da wutar girki ke kaiwa ba tare da zugazugi ba.

Na uku, kwanso, ba a iya ƙera nagarinsa sai da injin da ke matsa tagulla ya miƙar da ita ba tare da ɗinki ba. Ingila ta sha wahala kafin ta yarda da haka. Harsashin farko na bindigarta Martini-Henry, wadda aka ɗauka a 1871, da siririn fallen tagulla aka naɗe shi, kuma a yaƙin Abu Tulaih na Sudan a Janairun 1885 ya riƙa maƙalewa a bindigar da ta yi zafi, har aka koma ga kwanso ɗan gaske. Sai dai shi kwanso nagari yana da wata falala: ba ya mutuwa da harbi ɗaya. Ƙarfin baƙin albarushi bai kai ya yi masa lahani mai yawa ba, in dai an wanke shi kafin dattin ya ci tagullar, ana iya cika shi sau goma ko fiye.

Na huɗun shi ne ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba, kuma shi ne ragamar duka. Hula tana ɗauke da ɗan sinadarin da ake haɗawa da zaiba, mai tashi da bugu ɗaya. Haɗa shi yana buƙatar masana'antar sinadarai, yana kuma kashe mai haɗa shi idan ya yi kuskure. Maharbi yana iya zuba ƙwayarsa, ya tsince kwansonsa, ya sami albarushi a kasuwa, amma hula dole ta fito daga kamfani.

Akwai kuma matsalar da kowane mai harba baƙin albarushi ya sani. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, yana zama hayaƙi da baƙar toka mai liƙewa a cikin bututu. Bayan harbi kaɗan tokar ta bushe ta yi tauri, ta cike tsagar nan mai murɗewa da ke sa ƙwaya juyawa, saiti ya lalace. Maganin da aka samo shi ne maiko. Ana zuba ƙwaya da zobba a jikinta, a cike su da haɗin kakin zuma da kitse, domin kowane harbi ya bar tokar da taushi. Wasu kuma sukan naɗe ƙwayar da siririyar takarda mai ƙarfi, don kada dalma ta goge a jikin bututu. Haka harsashin Martini-Henry yake, ƙwayarsa giren 480 a kan albarushi giren 85. Ana son dalmar da taushi, da ɗan kuza kaɗan a ciki, saboda bugun farko na albarushi yana kumbura gindin ƙwaya ya cika bututun dam. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koya da hannu, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Ɓaunar Amurka

A farkon ƙarni na 19 ana kiyasin akwai ɓauna wajen miliyan 30 a filayen Amurka ta Arewa. Rayuwar al'ummomi irin su Lakota da Cheyenne da Kiowa da Comanche a kanta ta rataya: abinci, sutura, tanti, igiya, har da ibada. Wajen 1871 majema a Ingila da gabashin Amurka suka gano yadda za a jeme fatarta ta zama kirgi mai ƙarfi, irin wanda masana'antu ke buƙata don bel ɗin da ke juya injuna. A 1872 layin dogo ya isa Dodge City a Kansas. Kasuwa ta samu, hanyar kai kaya ta samu, saura makami.

Makamin shi ne bindigar Sharps, mai cin harsashi ɗaya, mai nauyin da kan kai laba 12 zuwa 16, da harsasai irin su .50-90 da aka fitar a 1872. Maharbin kasuwa ba ya bin garke a kan doki. Yakan lallaɓa ta inda iska ba za ta kai ƙanshinsa ba, ya zauna a tazarar yadi 200 zuwa 300, ya ɗora bututu a kan sanduna biyu da aka gicciya, ya fara da dabbar da ke jagorantar garken. Idan ta faɗi sauran sukan tsaya cirko-cirko suna shinshinar jini, shi kuma ya riƙa ɗauke duk wadda ta yi alamar tafiya. Idan bututu ya yi zafi ko toka ta taru, ya zuba ruwa ya goge, ya ci gaba. Mutum ɗaya yakan kashe gommai a zama guda. Abin da ke taƙaita shi ba harsashi ba ne, yawan fatar da masu fiɗarsa za su iya cirewa kafin dare ne.

Me ya sa bai sayi harsashin kamfani ya huta ba? Da farko akwai kuɗi. Fata ɗaya dala biyu zuwa uku da 'yan kai take, kuma wanda ya cika da hannunsa yakan kashe kusan rabin farashin na kanti. Sannan akwai nisa: ayari kan yi watanni a daji, ya fi sauƙi a loda gangar albarushi da sandunan dalma da gwangwanin hula a keken shanu, tare da kwanso 'yan ɗaruruwa da za a yi ta juyawa. A nan lissafin baya ya dawo. Harbi 100 na cin albarushi laba ɗaya ko ɗaya da ɗoriya, amma yana cin dalma laba 6 ko fiye. Dalma ce kaya mai nauyi, don haka masu fiɗa sukan tono ƙwayar da ta tsaya a jikin dabba su mayar wa maharbi, ya sake narkar da ita. Dalma ɗaya tana iya kashe ɓauna yau, ta kashe wata jibi. Dalili na ƙarshe shi ne saiti. Wanda ya auna albarushinsa da kansa, ya zaɓi ƙwayoyin da suka fito daidai ya mayar da masu aibi tukunya, ya san inda harsashinsa zai faɗa.

Kanar Richard Dodge, hafsan da ya yi aiki a yankin, ya ƙiyasta cewa daga 1872 zuwa 1874 kaɗai an kashe ɓauna sama da miliyan 4 a filayen kudu. Naman galibi a nan ake barinsa ya ruɓe. Da Kansas ta ƙare, maharba suka tsallaka kudu da kogin Arkansas, ƙasar da yarjejeniyar Medicine Lodge ta 1867 ta bar wa 'yan asalin wurin su yi farauta. Ranar 27 ga Yunin 1874 mayaƙa ɗaruruwa na Comanche da Kiowa da Cheyenne, cikinsu har da Quanah Parker, suka auka wa sansanin 'yan fata a Adobe Walls da ke Texas, inda maza 28 da mace ɗaya suke. Ba su iya cin sansanin ba, domin bindigogin ɓauna suna kaiwa inda nasu ba sa kaiwa. A nan ne aka ce wani matashi, Billy Dixon, ya kayar da mahayi daga tazarar da aka auna daga baya aka ce yadi 1,538 ce. Shi da kansa ya ɗauki harbin a matsayin sa'a, amma labarin ya fi shi tsawon rai. Yaƙin da ya biyo baya ya ƙare a 1875 da tura waɗannan al'ummomi cikin keɓaɓɓun yankuna. Garken kudu ya ƙare kafin 1880, na arewa kuma zuwa 1883. Da William Hornaday ya yi ƙidaya a 1889, abin da ya samu a nahiyar duka bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Talakawan da suka zo noma daga baya sun yi shekaru suna tsintar ƙasusuwa suna sayarwa a yi taki.

Dokar da ta nufi harsashi

Hukumomi sun gane da wuri cewa hana bindiga ba ya isa, domin bindiga tana shekara hamsin tana aiki. Abin da ke ƙarewa shi ake tsarewa. A watan Agustan 1876, makonni kaɗan bayan Lakota da Cheyenne sun hallaka rundunar Custer a Little Bighorn, majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin hana sayar wa al'ummomin da ake yaƙi da su harsashi mai kwanson ƙarfe. Su kuwa tuni sun koyi tsintar kwanson da sojoji suka yar, su huda gindinsa, su dasa hular tsohuwar bindigar ɗuri, su cika.

Shekara 14 bayan haka aka yi wa Afirka irin wannan doka, amma a babban sikeli. Yarjejeniyar Brussels ta 2 ga Yulin 1890, wadda aka yi da sunan yaƙi da cinikin bayi, ta shata yanki daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu, ta hana sayar wa mutanen cikinsa bindiga mai tsaga a bututu ko mai ɗuri ta gindi, da harsasanta, da hula. Abin da aka bari shi ne bindigar ƙanƙara mai santsin ciki da albarushin kasuwa. Ƙasar Hausa da Borno duk suna cikin wannan yanki. Ko mene ne niyyar wasu daga cikin masu sa hannun, sakamakon a fili yake: a daidai lokacin da ake rabon nahiyar, an ƙulle wa masu ita ƙofar makamin zamani.

Samori Ture ne ya fi kowa fahimtar matsalar. Ya sayi bindigogin zamani ta hanyar Freetown a Saliyo, da zinariya da hauren giwa da kuɗin bayi. Ya gwada Chassepot ta Faransa ya ga harsashinta na takarda yana lalacewa da damina, sai ya karkata ga Gras mai kwanson tagulla. Ya tara maƙera, wasunsu sun koyi aiki a ma'aikatun Faransawa da ke Senegal, suka riƙa gyaran bindiga har da kwaikwayon ƙera ta. Masana tarihi sun kawo cewa maƙera 300 zuwa 400 suna fitar da bindiga 12 a mako da harsashi 200 zuwa 300 a rana. Mayaƙansa suna da umarnin tsince kwanso bayan kowace arangama. Aiki ne na ban mamaki, amma a duba lissafin: runduna mai bindigar zamani wajen 6,000, da harsashi 300 a rana, ai kwana 20 za a yi kafin kowane mutum ya sami harbi ɗaya. Da Ingila ta rufe kasuwar Freetown a farkon shekarun 1890, kuma yaƙi ya tura shi gabas nesa da teku, sai ya koma yana cin abin da ya tara. Duk da haka ya kai Satumban 1898 kafin Faransawa su kama shi.

A Sudan abin ya zo ta wata fuska. Ansar ba saya suka yi ba, ganima suka samu: dubban bindigogin Remington na sojan Masar, daga faɗuwar El Obeid a Janairun 1883, da hallaka rundunar Hicks a Shaikan a Nuwamban shekarar, da cin Khartoum a Janairun 1885. Halifa Abdullahi ya adana su a Baitul Amana a Omdurman, ba a fitar da su sai za a fita yaƙi. Ya riƙe tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Masar a ma'aikatar makamai, ana haɗa albarushi ana sake cika kwanso, har wani fursuna Bajamushe, Charles Neufeld, an sa shi aikin tace gishirin albarushi. Shekara 13 ana juya kwanso ɗaya, a bindigogin da suke tsufa ba tare da kayan gyara ba. Albarushin gida bai kai na kamfani ƙarfi ba, kuma ba kowane buhu ne ke yin daidai da ɗan'uwansa ba, ga shi kuwa dogon saiti ya dogara ne ga kowane harbi ya yi kama da na gabansa. A Karari, ranar 2 ga Satumban 1898, akasarin mayaƙan Halifa ba su kai tazarar da harsashinsu zai yi tasiri ba. An kashe musu mutum wajen 11,000. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu a ranar ba su kai 50 ba.

Habasha ce ta kuɓuta daga wannan tarko, kuma ba ta hanyar maƙera ba. Menelik ya shigar da ƙasarsa cikin yarjejeniyar Brussels a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ya ci gaba da sayen bindiga da harsashi a fili daga Faransawa da Rashawa, har da Italiyawan da ya ci da yaƙi a Adwa a 1896. Harsashin Gras ya yawaita a ƙasar har ya zama kuɗin canji a kasuwanni, ana sayen hatsi da shi kamar yadda ake yi da sandar gishiri.

Hayaƙi ya ɗauke

Abin da ya kashe zamanin baƙin albarushi daga ɗakin gwaji ya fito. A 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 Faransa ta fitar da bindigar Lebel mai amfani da shi. Ingila ta biyo da nata a farkon shekarun 1890. Ƙwayar Martini-Henry tana fita da gudun mita 400 da ɗoriya a daƙiƙa. Ta Lebel ta haura 600. A irin wannan gudu dalma tsirara ba ta iya riƙe tsagar bututu, sai an sa mata rigar ƙarfe mai tauri, wadda ba a yin ta da ludayi a bakin murhu. Sabon garin kuma ba a haɗa shi da gawayi da ƙasar turke. Abubuwa biyun da kowa ke iya yi a gida suka koma hannun masana'anta, suka tarar da sauran biyun a can. Bindiga mai sarrafa kanta irin ta Maxim, wadda tokar baƙin albarushi ke shaƙewa da wuri, ta sami garin da ya dace da ita. Da ita aka zo Kano a Fabrairun 1903, aka zo Sakkwato a Maris.

Sana'ar cikawa da hannu ba ta mutu ba, ta dai sauka daga fagen yaƙi ta koma ɗakin ajiya na manoma da mafarauta. Kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa a 1884, ya yi ta sayar da wata 'yar na'ura mai kama da awartaki, wadda ke zuba ƙwaya a kai ɗaya, ta dasa hula ta kuma danna ƙwaya cikin kwanso a ɗaya ɓangaren. Kamfanin Lyman da ya gaje shi a 1925 yana sayar da mazubin dalma har yau. A Amurka akwai masu sha'awa da ke sayen sababbin bindigogin da aka ƙera bisa samfurin Sharps na 1874, su narka dalma, su shafa kakin zuma, su auna baƙin albarushi giren-giren. Kowane watan Yuni ɗaruruwansu kan taru kusa da garin Forsyth a jihar Montana, a filin da garken arewa ya taɓa kiwo, su zauna a ƙasa, su ɗora bututu a kan sanduna biyu da aka gicciya. Abin harbi mafi nisa a gasar yana tazarar yadi 805, kuma hoton ɓauna ne da aka yanka daga farantin ƙarfe.